Yaya Mai Gilashi da Jif Biyu

Yayana mai yanka gilashi ne. Duk unguwarmu ba mai kiransa da wani suna sai Mai Gilashi, har matarsa ma idan tana son tsokanarsa haka take ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya. Shi kuma tun ina ƙarama ya laƙaba min Rediyo, wai ba a iya kashe ni, sai dai a rage murya. Ban taɓa musantawa ba. A gidanmu ba a raba magana daidai ba, ni na kwashe rabona na haɗa da nasa.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai tsawo a bakin titi, tsakanin mai walda da mai gyaran firiji. Da ka shiga za ka ga ƙaton tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, gilasai a jingine da bango, manya a baya ƙanana a gaba, ga bokiti cike da ɓaraguzai a lungu. Idan zai yi yanka sai ya kwantar da gilashin a kan bargon, ya ɗora doguwar rula, ya ja abin yankan, ƙiii, sannan ya sa yatsu ya ɓalle shi, ƙas. Amma kafin a kai ga wannan ƙas ɗin, ranka sai ya kusa fita. Idan taga ta zo masa a karkace, ko mai baka a sama, ko wadda magina suka yi wa aikin gaggawa, Yaya ba ya yarda da awo kaɗai. Kwali yake samowa ya yanka shi daidai siffar tagar, ya je gidan ya gwada, ya dawo ya rage, ya sake komawa. Sai kwalin ya zauna daram zai taɓa gilashi. Masu gidaje su yi ta mita, ni ma na sha yi masa. Amsarsa ba ta canjawa: “Kwali idan na ɓata shi wani zan ɗauko. Gilashi fa?”

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Da wannan sana'a ya yi min makaranta har ya aurar da ni, kuma ban taɓa jin ya yi min gori ba. Mutum ne da ba ya cewa yana son abu. Ka ba shi shayi ba sukari ya shanye, ka ba shi mai sukari ya shanye. Abu ɗaya tak na san yana so a duniya don kansa, shi ne babbar jif. Irin manyan nan masu layin kujeru uku, waɗanda idan suka tsaya kusa da kai a danja sai ka ɗaga kai ka kalli direban. Yaya bai taɓa furtawa ba, idonsa ne yake tona masa asiri. Muna cikin tsohuwar motarsa, wata ƙasa-ƙasa mai dogon baya da take kartar ciki a kowane tudun titi, da irin wannan jif ta gifta sai ya bi ta da kallo har ta ƙule, na baya suna ta zuba masa hon. In ce, “Yaya, an ba mu hannu fa.” Sai ya yi gyaran murya ya sa giya.

Matarsa, Malama, ita ce shugabar makarantar firamaren unguwarmu har ta yi ritaya. Tsayayyar mace ce, doguwa, mai murya. Rabin magidantan layinmu sun sha jan kunne a hannunta, har yau idan suka hango ta gyara tsayuwa suke yi. Ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Ta taɓa tsayar da Yaya a tsakiyar hanya don ta gaya wa wani mai shago cewa an rubuta allon shagonsa ba daidai ba. Ni da ita kuwa kullum cikin sa-in-sa muke, irin ta ƙanwar miji da matar wa, amma wallahi ina sonta har cikin raina.

Sai hawan jini ya kayar da ita. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. An sha fama. Da magani da masu gashin ƙashi da taurin kanta, ta kai ga miƙewa da sanda, tana takawa a hankali daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa baranda. Hannun bai dawo ba, ƙafar kuma janta take yi. Idan tafiyar da ɗan nisa sai a tura ta a keke.

Mota ce ta gagara. Kujerar tsohuwar motar Yaya a ƙasa take, idan Malama ta zauna sai ta nutse, ba ta iya tasowa sai an ciro ta. Wata rana a ƙofar asibiti Yaya da babban ɗansu, wanda muke kira Babba, suka tallafo ta, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafafu. Takalminta ya faɗi, mayafinta ya zame, ga mutane cike. Wata mata da ta taɓa zama ɗalibarta ta rugo tana salati, tana cewa, “Wayyo Malama, haka kika koma?” Matar ba da mugunta ta faɗa ba, tausayi ne. To tausayin ne ya fi yi wa Malama ciwo. Da suka dawo gida ta tara su ta ce, “Daga yau ba wanda zai sake ɗaukata kamar buhu. Motar da ba zan shiga da ƙafata ba, ba zan shige ta ba.” Kuma da gaske take. Likita ya koma duba ta a gida, mai gashin ƙashi ma haka. Malama ta fi shekara ba ta leƙa bakin get ba.

Ana haka 'yarsu ta ƙarshe, 'Yar Baba, ta samu cikin fari. Tana aure can nesa inda mijinta yake aiki, tafiyar kusan wuni, kuma ƙarshen hanyar ba kwalta, ramuka ne da duwatsu, ƙaramar mota ba ta kaiwa. Likitanta ya hana ta doguwar tafiya. Kullum ta bugo waya maganarta ɗaya: “Mama, ni ke nake so a kusa da ni idan lokacin ya yi.” Malama ta ce, “Allah Ya raba lafiya,” ta kashe wayar, ta juya fuska bango. Na sha samunta a haka. Watan haihuwa yana ta matsowa, uwa tana son zuwa, 'ya tana kuka, kuma ba mai iya tanƙwara Malama.

A daidai lokacin Yaya ya gama wani babban aiki, gilasan wani sabon bene gaba ɗaya, 'ya'yansa kuma suka ce za su cika masa ya sayi jif. Da na ji sai na rangaɗa guɗa. Na ce to, Allah Ya yi, Yaya zai hau abin da ya daɗe yana bi da ido, kuma da dalili mai kyau.

Mu uku muka je filin sayar da motoci, ni da Yaya da Babba, muka tafi da keken Malama a bayan mota. Dillalin wani gajere ne mai fara'a, kafin mu gama gaisawa ya riga ya mayar da Yaya yallaɓai. Jif biyu ne suka yi daidai da ƙarfinmu. Ɗaya babba ce, baƙa wuluk, mai layin kujeru uku, da matakala a gefe saboda tsayi. Ɗayar ƙarama ce, ruwan toka, mai layi biyu. Ta fi motar gida tsayi, za ta iya hanyar, amma kusa da baƙar nan sai ka ce ƙanwarta ce da aka goyo.

Babba ya buɗe bayan babbar, ya kwantar da layin ƙarshe, ya ɗaga keken ya tura. Ya shige a tsaye, ko naɗe shi ba a yi ba, har da sauran wuri. Muka koma kan ƙaramar. Aka naɗe keken, aka juya shi ta nan, aka juya ta can, murfin bayan motar ya ƙi rufuwa. Sai da aka kwantar da ɓarin kujerar baya sannan ya shiga a karkace.

“Magana ta ƙare, Baba,” in ji Babba. “Ga keken Mama, ga kayanta, ga wurin da za ta miƙe ƙafa. Har gilashinka za ka riƙa kwantarwa a baya, ka huta da hayar a-kori-kura.”

Ni ma na ɗora nawa. Na ce wa zai ga wannan ya ɗauki waccan? Na ce ƙaramar ai motar 'yan mata ce masu zuwa ofis. Dillali sai gyaɗa kai yake yi, yana cewa, “Hajiya ta san mota.”

Yaya ya hau babbar. Ya zauna a gaban sitiyari, ya ɗora hannayensa masu tabon yanka a kai, ya shafa. Ya gyara madubi ko da ba inda za shi. Na rantse ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ya daɗe a ciki. Sannan ya sauko, ya zagaya ɗaya gefen, gefen kujerar mai zaman banza ta kusa da direba, ya ciro tef ɗin awonsa daga aljihu ya durƙusa.

Na ce, “Shi ke nan, an fara.”

Ya auna daga ƙasa zuwa matakala, daga matakala zuwa kujera, faɗin ƙofa, da inda mariƙin sama yake. Ya koma kan ƙaramar ya yi haka. Sannan ya tambayi dillali ko suna da kwali. Bawan Allah ya kalle ni, na ce, “Ka ba shi kawai, in ba haka ba a nan za mu wuni.” Aka samo kwalin firiji, Yaya ya yanka siffar ƙofar kowace mota, ya naɗe a hammata, ya ce, “Zan dawo.” Ko tayi bai yi ba. Duk hanyar gida ina zuba, Babba yana taya ni, shi ko tuƙinsa kawai yake yi.

Bayan 'yan kwanaki na je gidan da rana. Ina tura get na ja na tsaya. A tsakar gida Yaya ya gina wasu abubuwa biyu. Ya jera bulo, ya ɗora katako, ya samo tsofaffin kujerun mota a wurin 'yan gwangwan ya ɗaure a kai. Kowace ya yi mata ƙofa da ragowar alminiyon na taga, daidai da kwalin da ya yanko, har da mariƙi a sama. Ɗaya doguwa da matakalarta, ɗaya gajera. Motoci biyu ke nan, ba taya ba inji, kusa da igiyar shanya.

Wannan bai isa ba. Shi kansa Yaya yana tsaye a gabansu, ya ɗaure hannunsa ɗaya a jikinsa da tsohon mayafi, ya ɗaura wani guntun katako a ƙafarsa don kada ta lanƙwasu, yana dogara sandar tsintsiya. Dattijo mai furfura, mai surukai!

“Innalillahi! Yaya, lafiyarka kuwa?”

“Rage murya, Rediyo,” ya ce. “Gwaji nake yi.”

Ya nufi doguwar. Ya kama mariƙi, ya ɗaga ƙafa zai taka matakala, ɗaurarriyar ƙafar ta goce, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa. Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba, har da riƙe ciki. Ya karkaɗe wando ya tashi ya sake. Ya sake faɗuwa.

Tagar ɗakin Malama tana kallon tsakar gidan. Tun da ya fara ginin, in ji shi, abin da ta ce kawai shi ne, “Wannan kuma wane irin shirme ne?” Ya ce aiki ne. Ba ta ƙara tankawa ba, shi ma bai ce ta zo ta gwada ba, don ya san amsar. To ranar, yana shirin faɗuwa ta uku, sai muka ji murya daga taga, irin muryar da take tsayar da yara ɗari a filin makaranta.

“Mai Gilashi!”

“Na'am, Malama.”

“Wane hannu ka ɗaure?”

Ya dubi jikinsa. Hannun dama ya ɗaure, da ƙafar dama.

“Hagu ne ya shanye min, ba dama ba! Kai da kake wanke min shi kullum?”

Yaya ya sosa kai da hannun da ya rage masa. Ya ce ai idan yana fuskantarta, ta wannan gefen yake ganin hannun.

“Ni madubi ce? Ka ƙare rayuwarka kana yanka madubi, shi ne har ka fara ganin mutane a juye? Kuma dubi yadda kake shiga. Wa ya ce maka da ƙafa ake farawa? Kai, tsaya nan. Kada ka motsa.”

Muka ji ƙarar sanda a falo, ƙwas, ja, ƙwas, ja. Na yunƙura zan je in taimaka mata, Yaya ya girgiza min kai. Ta fito baranda, ta sauko ɗan tudun nan a hankali, tana faɗa tun kafin ta iso. Ta zo gaban gajerar ta ce masa, “Matsa. Ka buɗe ido ka gani, sau ɗaya zan nuna maka.” Ta juya wa kujerar baya, ta jingine sandar, ta kama mariƙin sama da hannun dama. Kujerar daidai ƙugunta take, ba hawa ba nutsewa. Ta zauna. Ta saki mariƙin, ta sa hannun a ƙarƙashin gwiwar hagu ta ɗago ƙafar ta shigar, ta biyo da ta dama.

“Ka gani? Zama ake fara yi, sannan ƙafa.”

Ta dubi inda take zaune, ta dubi ƙofar alminiyon, ta dube mu. A lokacin ta gane abin da ta yi. Ni tuni hawaye ya cika min ido, na shiga gyara ɗankwali don kada ta gani.

Daga baya na ritsa Yaya na ce, tsakaninka da Allah, kuskure ka yi ko da gangan ka ɗaure dama? Ya ce, “Ni dai na ga ta fito.” Na yi juyin duniya bai ƙara ko kalma ba. Har yau ban sani ba, kuma abin yana cina.

Malama ba ta barin aiki rabi. Ta ce a matso mata da sandarta, za ta gwada doguwar. Nan ne aka ga bambanci. Kujerar ta wuce ƙugunta nesa, dole sai ta taka matakala. Idan ta ɗaga ƙafar dama, ta hagu ba ta iya riƙe nauyinta. Idan ta ce da hagu za ta fara, ƙafar ba ta ɗaguwa. Ta gwada, ta sake gwadawa, gumi ya jiƙe mata wuya. A ƙarshe ta dafa ƙofar tana haki ta ce, “Wannan ba tawa ba ce.”

Da la'asar Babba ya zo muka zauna a baranda. Da ya ji labari ya yi murna, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma maganar gaskiya yana da hujja. Ya ce ƙaramar idan aka sa keke mutum nawa za ta ɗauka? Ya ce tafiyar doguwa ce, Mama tana bukatar sakewa. Ya ce, “Shiga da fita ai na ɗan lokaci ne. Ni zan riƙa ɗaga ta, ba wanda zai gani.”

“Ita za ta gani,” in ji Yaya.

Malama tana jinsu, ta bari sai da Babba ya fita amsa waya. Sannan ta juyo wurin mijinta, muryarta a ƙasa, abin da ban saba ji ba.

“Mai Gilashi, ka ɗauka ban sani ba? Tun muna da ɗa ɗaya nake zaune a gefenka kana bin manyan motocin nan da ido. Ka yi wa ƙanwarka, ka yi wa 'ya'yanka, ka yi min. Sau ɗaya ka yi wa kanka mana. Sayi babbar. Na janye maganata. A ɗauke ni, zan rufe ido.”

Na san abin da wannan magana ta ci mata kafin ta fito. Na kuma san abin da aka miƙa wa Yaya: ga motar da yake so, ga iznin matarsa, ga goyon bayan ɗansa, ga ni ma da bakina. Ba wanda zai zarge shi.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza tef ɗin awonsa. Sannan ya ce, “Ina sonta, ba zan ɓoye ba. Da na zauna a cikinta har ƙamshinta na ji daɗi.” Ya ɗan yi murmushi. “Amma in na saye ta, kullum muka zo fita sai na ga kin rufe ido. Ni kuma ba zan iya tuƙi da wannan ba.”

“Taurin kai,” in ji Malama.

“A wurinki na koya.”

Ni ce nan ba ni da abin cewa, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidanmu.

Amma Yaya bai yarda an gama ba. Ya ce kwali kwali ne, sai an gwada a ainihin tagar. Ya roƙi dillali ya kawo ƙaramar har ƙofar gida, in ta yi a yi ciniki. Dillali kuwa ɗan kasuwa ne, sai ya zo da duka biyun, shi a ƙaramar, abokin aikinsa a babbar, an wanke ta tana ta ƙyalli, wai ko yallaɓai zai sake shawara. Aka ajiye ta daidai inda Yaya ba zai iya kauce wa ganinta ba. Na so in wanke dillalin nan tas, Yaya ya hana ni. Ya kalli baƙar motar sau ɗaya, kallo mai tsawo, sannan ya juya mata baya ya buɗe ƙofar ƙaramar.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne mutane. Manyan motoci biyu a layinmu da hantsi, ai kafin ka ce me an fara leƙowa. Mai kanti ya fito, matan maƙwabta suka tsaya a bakin ƙofofinsu, masu wucewa suka rage tafiya. Na shiga ciki da sauri na ce, “Malama, layi ya cika. Ko a shigo da motar tsakar gida?”

Ta riga ta shirya, ta sa mayafinta mai kyau, wanda take sawa ranar taron iyaye. Ta ce, “Get ɗin ba zai ci ba. Ba ni sandata.”

Ta fito. Wani ya ce, “Sannu Malama,” ta ɗaga masa kai kawai, don duk hankalinta yana kan ƙafarta. Daga get zuwa mota ba nisa, amma ƙasar ba kamar simintin tsakar gida ba ce, akwai gangara da tsakuwa. Ta iso, ta juya baya, ta miƙa min sandar, ta ɗaga hannu ta kama mariƙi. Sai ƙofar motar, da yake a gangare take, ta taho a hankali ta bugi kafaɗarta. Ta yi tangal-tangal. Wata mata ta ce, “Wayyo!” Babba ya zabura.

“Tsaya,” in ji Yaya, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ya sa gwiwarsa ya tokare ƙofar. Ita kaɗai ya taɓa. Hannayensa biyu ya mayar baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, kuma ni da nake bayansa ina ganin yadda farcensa yake nutsewa a fatar hannunsa. Tana dab da shi, numfashinta yana sauka a ƙirjinsa, da ya miƙa hannu da an gama. Bai miƙa ba.

Malama ta cije leɓe, ta gyara tsayuwa, ta sake kama mariƙin. Ta sauka a hankali har ta samu bakin kujera. Ta muskuta ciki. Ta huta. Ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwa ta ɗago, takalmin ya maƙale a bakin ƙofa, ta sauke. Ta sake ɗagowa, sama da na farko, ƙafar ta shige. Ta dama ta biyo. Ta gyara mayafinta, ta miƙa hannu ta ja ƙofar da kanta, gam.

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce min ba. Mai kanti ya hau tafi, sauran suka ɗauka, har dillalin da ya yi asarar cinikin babba yana tafawa. Malama ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sauke gilashin, ta ce Babba ya kira mata 'Yar Baba. Ya kira ya miƙa mata.

“Ke, ki sa a gyara min ɗaki,” ta ce. “Ina nan zuwa.” Daga inda nake ina jin ihun yarinyar a cikin wayar. “Ki daina tsalle da cikin nan. A'a, ba wanda ya ɗauke ni. Na ce miki ba wanda ya ɗauke ni.”

Ta miƙa wa Babba wayar. Dillali yana ta miƙo wa Yaya makulli, shi kuwa yana nan tsaye inda yake, hannayensa har yanzu a baya, hawaye yana bin gemunsa a gaban duk mutanen layi, bai ko share ba. Tun rasuwar babanmu ban ga haka ba.

Malama ta leƙo ta taga ta dube shi sama da ƙasa. Idonta ita ma ya yi ja, amma muryar tana nan yadda take.

“To, Mai Gilashi,” ta ce, “za ka shigo ne, ko sai an ɗauke ka?”